Butar Baba a Zafin Kwatano



Shekara 19 ke nan ina riƙe da alƙalami a gaban wani dattijo daga cikin dattawan Hausawan Kwatano, wanda dukanmu muke kira Baba. Ni nake rubuta masa wasiƙu, ni nake ajiye littafin ɗaurin aure da na rabon gado, kuma idan an sasanta mutum biyu ni nake sa abin da aka amince da shi a takarda. Kullum bayan la'asar nakan taso daga gidana a Sainte-Rita, in hau zemijan, wato ɗan acaɓan nan mai rawayar riga, in sauka kusa da babban masallacin Zango, in ƙarasa zaurensa a ƙafa. A duk waɗannan shekaru ban taɓa lissafa buta da finjali cikin kayan aikina ba, sai a bazarar 2024, lokacin da muka ɗauke su daga zauren na 'yan makonni, muka ga abin da ya biyo baya.

Wanda bai taɓa zama a bakin teku ba zai yi dariya idan ya ji muna kukan zafi. A Maraɗi ko Sakkwato ma'aunin zafi yakan haura 40 a watan Afrilu, alhali a nan da wuya ya wuce 33 ko 34. Sai dai garinmu a matse yake tsakanin teku ta kudu da tafkin Nokoué ta arewa, iskarsa kuwa jiƙe take sharkaf. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, kafin manyan ruwaye su sauka, mutum yakan yi wanka ya sa riga, kafin ya kai bakin titi ta manne masa a baya. A arewa idan gumi ya tsatso busasshiyar iska ce take shanye shi, jiki ya huce. Shi ya sa Buzu yake kurɓar shayi mai zafi da tsakar rana a Agadas, ya ji sanyi daga baya. A nan shayin yakan fito da gumin, gumin ya rasa inda za shi, ya yi ta kwarara a banza.

Duk da haka ba mu rabu da shi ba, domin gado ne. Koren ganyen ƙasar Sin ne ya biyo ta Maroko, ya ratso Sahara a hannun Larabawa da Buzaye har ya iso ƙasar Hausa, sunansa ma daga Larabci muka aro shi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da butarsa ya baro Maraɗi. Mota ta kawo shi Paraku, jirgin ƙasa ya ƙarasa da shi kilomita 438 zuwa Kwatano. Ya koyi cin abincin mutanen gari, ya iya harshensu daidai ciniki, amma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa yin la'asar ba tare da ya hura gawayi ba.

A zauren Baba shayi yana da tsari. Idan masu husuma suka zo, ba a fara magana sai yaro ya ɗora buta. Kafin dahuwar farko ta nuna an gama gaisuwa, an tambayi iyali da mutanen gida. Da finjalin farko mai ɗaci mai ƙara yake faɗin kukansa. Yaro ya ƙara ruwa a kan ganyen, ya jefa na'a-na'a, ya yi ta ɗaga buta yana tsiyaya daga finjali zuwa finjali har kumfa ta tashi, sa'an nan wanda ake ƙara ya amsa. Baba ba ya cewa uffan sai an miƙa na uku. Tsakanin na farko da na ƙarshe akan ci fiye da sa'a guda, kuma abin kunya ne mutum ya tashi ya bar shayi a wuta. Na sha ganin wanda ya shigo yana huci, kafin na uku muryarsa ta sauka.

A farkon Fabrairun 2024 Baba ya kwanta rashin lafiya. Ƙishirwa ba ta barinsa, ga yawan fitsari da dare, ga gani ya soma dushewa. Da aka auna jininsa likita ya ce ciwon sukari ne, ya kuma tambaye ni abin da yake sha a yini. Ranar na zauna na ƙirga: yaronmu yakan zuba ƙwayar sukari 12 ko fiye a dahuwa guda, Baba kuwa yakan yi zama biyu, wani lokaci uku. Kowace ƙwaya ta kusa giram 5. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce kada sukarin da baligi yake ƙarawa a ci da shansa ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da jikinsa yake bukata, wato wajen giram 50 a yini, kuma rabin haka ya fi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tunda ga zafi ga umarnin likita, a jingine butar nan zuwa damina. Sai a riƙa sayo wa baƙi lemon kwalba mai sanyi, kai kuma a ba ka ruwa."

Ya daɗe yana kallona, sa'an nan ya ce, "To, Malam, yi yadda ka gani."

Shawarata ce, don haka laifin abin da ya faru a wuyana yake. Ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, wasu surukai biyu suka zo. Babban, wani Alhaji, shi ya ba ƙaramin jari, kuma ƙanwarsa ƙaramin yake aure. Ƙaramin ya yi lodin shinkafa zuwa Nijar, sai aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya a ƙarshen Yulin 2023. Mota ta yi watanni a tsaye, ruwa ya taɓa wani sashe na kayan, sauran aka ƙetarar da shi a kwalekwale da tsada. Alhaji yana neman kuɗinsa cif, ƙaramin yana cewa asara ta kowa ce. Aka ajiye musu kwalba biyu masu raɓa. Ko gaisuwa ba a gama ba kowa ya ɗaga tasa ya shanye. Daga nan hannu ba abin riƙewa, ido ba abin kallo sai fuskar abokin faɗa. Suka fara magana lokaci guda, wannan ya katse wancan. Alhaji ya miƙe ya ce gobe zai aika a ɗauko masa ƙanwarsa da 'ya'yanta uku. Kafin Baba ya buɗe baki zauren ya watse. Ko minti 15 ba a yi ba.

Da na rufe littafina ban rubuta komai ba, Baba ya ce, "Malam, ka kashe musu ƙishirwa, amma ba ka zaunar da su ba."

Na koma Sainte-Rita jiki a sanyaye. Uwargida ta saurare ni har na gama, ta ce, "Malam, ai baƙo ruwa ake fara ba shi, ba a ce daga ruwa an sallame shi ba. Kuma lemon kwalbar taku, ka duba bayanta ka ga sukarin da ke ciki?" Na duba. Ƙaramar kwalba guda ta kai giram 35. Ashe mun gudu daga sukari ne mun faɗa cikin sukari.

Watan azumin nan gaba ɗaya, wanda ya kama a 11 ga Maris, na zama ɗalibi a madafar gidana. Na ga yadda take jiƙa zoɓo ta tafasa shi da citta da kanumfari da ɓawon abarba. Abarbar kuwa ta Allada ce, doguwar nan mai farin ciki da ake ce wa pain de sucre, wadda zaƙinta ya sa aka yi mata rajistar sunan yankinta a 2020. Ƙanshin ɓawonta kaɗai yakan rage bukatar sukari. Na ga ruwan tsamiya da ɗan masoro, wanda yake yanke ƙishirwar mai azumi fiye da kowane abu da na sani. Na ga kunun aya: a jiƙa busasshiyar aya ta kwana, a markaɗa ta da kwakwa da dabino kaɗan, a tace. Ayar Maraɗi ake nema a kasuwar Dantokpa, kuma shekarar nan ta yi wuya saboda rufe iyakar. Kunun aya ba ya jure zafinmu. Idan wuta ta ɗauke, firji ya huce, kafin yamma ya yi tsami, don haka kaɗan-kaɗan ake yinsa.

Wata maƙwabciyarmu Kirista, 'yar ƙabilar Fon, wadda ta fi shekara 20 tana aiko mana da buɗe-baki mu kuma muna aika mata da naman layya, ita ta koya wa uwargida akpan. Ƙullun masara ne mai ɗan tsami, ɗan'uwan kamun da muke dama koko da shi. Akan dafa shi sama-sama da ganyen sitronel, a bar shi ya huce, a sa madara da ƙanƙara. Wanda ya saba da fura da nono ba zai ji shi baƙo a bakinsa ba. Haka nan dege, wato dambun gero da kindirmo, wanda ake sayarwa a kowace kusurwa ta garin nan. Ita ce kuma ta gargaɗe mu game da ƙanƙarar bakin titi. Ta ce ba ka san ruwan da aka daskarar ba, gara ka dafa naka ka daskarar a gida.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shayin kansa yana da fuska ta sanyi. Idan aka zuba cokali biyu na koren ganye a tulun ruwan sanyi, aka sa na'a-na'a da sitronel, aka bar shi ya kwana a firji, da safe a tace, ɗacin nan da tafasa take fitarwa ba ya fita sosai. Ana iya shansa ba sukari ko kaɗan, ƙanshin shayin kuwa yana nan. Mashayin shayi da zafin rana ya dame shi, wannan ya ishe shi daga hantsi zuwa la'asar.

Kayan zaƙi ma muka sake musu lissafi. Da can akan jera alkaki da dubulan da nakiya da tuwon madara, ga konkada, alewar gyaɗar mutanen gari. Ba mu kore su ba, domin baƙo yana da haƙƙi, amma muka rage girmansu, muka sa gasasshiyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli a gefe. Mutanen nan ma suna da nasu ƙuli-ƙulin, kluiklui, siriri mai ƙaras-ƙaras. Ga soyayyen wagashi, cukun Fulanin arewacin ƙasar nan, wanda ya dace da finjalin farko ƙwarai. Shi Baba, likita ya ja mana kunne cewa dabino da abarba da kunu duk suna da nasu zaƙin, kada a ce tunda ba a zuba sukari ba a sake masa.

Bayan ƙaramar Salla, cikin Afrilu, zafi na kan ganiyarsa, Baba ya aika aka kira surukan nan. Matar tana gidan yayanta tun kafin azumi. Da suka zauna aka miƙa wa kowa kofin zoɓo mai sanyi, suka sha, gumi ya tsaya. A lokacin yaro ya riga ya hura gawayi a bakin ƙofa, inda iska za ta kwashe zafin. Muka ɓullo da wata dabara: idan shayi ya nuna, a fara tsiyaya wa Baba nasa tsura, sa'an nan a sa sukari rabin na da, a yi wa sauran kumfa. Finjalin Baba ba kumfa, domin sukari ne yake riƙe ta. Ya ɗaga shi ya duba, ya ce, "Wannan ai rawani ne ba hula," ya kurɓa yana yamutsa fuska. Har Alhaji sai da ya murmusa.

Alhaji ya yi magana a finjalin farko. Ƙaramin ya yi shiru har aka miƙo na biyu, sa'an nan ya ce, "Yaya, wallahi ban ci kuɗinka ba," ya fito da takardun mota da na masu kwalekwale, waɗanda a zaman farko ko aljihu bai samu damar taɓawa ba. Aka ba ni na karanta su ɗaya bayan ɗaya. A na uku Baba ya yi bayanin hukuncin ƙirali kamar yadda malamanmu na Malikiyya suka karantar: idan mai juya dukiya bai yi sakaci ko ha'inci ba, asarar jari tana kan mai jari, shi kuma ya yi asarar wahalarsa. Amma ya nuna wa ƙaramin inda ya yi sakaci, da ya bar buhuna ba rufi har ruwa ya taɓa su. Aka ƙiyasta wannan sashe, ya ɗauki biyansa cikin wata 10. Na rubuta da ajami, na rubuta da Faransanci, suka sa hannu ana kiran magariba. Washegari matar ta koma ɗakinta.

Ba zan ce buta ce ta gyara auren nan ba. Allah ne ya gyara, sai ilimin Baba da haƙurin matar. Abin da butar ta yi shi ne ta riƙe mutum biyu a tabarma guda har kowa ya ji ta bakin ɗan'uwansa, kuma wannan ne na kasa gani lokacin da nake ƙirga ƙwayoyin sukari.

Tun daga ranar haka muke yi a duk bazara. Abin sanyi yana tarbar baƙo, yau zoɓo, gobe tsamiya ko akpan, buta kuma tana bakin ƙofa tana jiran lokacinta. Baba ya saba da finjalinsa marar kumfa, awon jininsa ya sauka, ko da yake har yanzu idan yaro ya juya baya yakan miƙa hannu wajen farantin alkaki, ni kuma in yi gyaran murya.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya sanyaya mana wannan bazara, ya sa mu gama da duniya lafiya.