Wasiƙa Zuwa ga Aminina Kan Koren Dutse

Aminina,

Yaya daji, yaya fama da rana?

Hoton koren dutsen da ka turo mini ta WhatsApp ya iso, kuma na ji murnarka har cikin muryarka. Allah ya sa alheri ne. Sai dai ka yi haƙuri da ni: launi kaɗai ba ya faɗin sunan dutse. Duwatsu kore suna da yawa, kuma akasarinsu ba zumurrudu ba ne.

Ka fara da wannan: na'urar da kake bincike da ita ƙarfe take ji, ba ta jin zumurrudu ko kaɗan. In ta yi ƙara a kan koren abu, to ko tsohon jan ƙarfe ne da ya yi koriyar tsatsa, ko dutse ne mai sinadarin ƙarfe a ciki. Kusanta maganaɗisu ka gani. In ya ɗan ja, ƙila dutsen safentin ne, wanda yake da santsi a hannu.

Sai ka ɗauko wuƙa. Malakait, ma'adinin jan ƙarfe mai kore shar da zane-zane a jikinsa, laushi gare shi, wuƙa tana karce shi. Goga shi a bayan tayil, zai bar layi kore. Ɗiga ruwan lemun tsami a kan garinsa, za ka ga ɗan kumfa. Shi kuwa zumurrudu, taurinsa ya kai 7.5 zuwa 8 a ma'aunin Mohs mai hawa 10. Wuƙa ba ta kama shi, shi ne ma yake karce gilashi, kuma yakan fito da gefe shida. Koren dutsen tomalin ma yana da tauri, amma dogo ne mai layuka a tsaye. In ka ga ƙananan ƙwayoyin iska a ciki, ƙila fasasshiyar kwalba ce.

Kada ka karaya. Ana samun zumurrudu a yankin Gwantu na Jihar Kaduna da Nasarawa Eggon. Malakait ɗin ma ba abin yarwa ba ne, alama ce ta jan ƙarfe, irin arzikin da ya ɗaukaka Takedda ta ƙasar Nijar, wadda Ibn Battuta ya ziyarta a 1353.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiyarku. Don Allah kada ka lasa dutse, kada ka daka shi a cikin gida. Ba ka manta da Zamfara a 2010 ba, yadda gubar dalma daga duwatsun zinare ta kashe yara sama da 400.

Kafin ka yi ciniki da kowane dillali, kai shi ɗakin gwaji na Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa da ke Kaduna, su tabbatar maka. Ka rubuta inda ka tsince shi, za su tambaya.

Ka gaida Hajiya da yara. Allah ya ba da sa'a, ya tsare hanya.

Wassalam,
Naka amini.