Daga Masallacin Treichville Zuwa Bakin Ruwa: Lafiyar Masu Nutso

A wannan wata mun tsaya a babban masallacin Treichville, inda jama'armu ke haɗuwa kowace Juma'a: fatake, mahauta, da masu sayar da garba. Wanda ya gangara daga nan, tafiya kaɗan za ta kai shi tashar jiragen ruwa ta Abijan, wadda aka buɗe a 1951, shekara guda bayan an haɗa tafkin Ebrie da teku ta mashigin Vridi. Nan ake sauke kifin tuna da masu garba ke soyawa.

Akwai wasu ma'aikata a tashar da ido bai cika ganinsu ba, su ne masu nutso. Su ke duba ƙasan jirgi, su kankare shi, su yi walda a cikin ruwa. Aikin da kuɗi, shi ya sa yake jan hankalin samari. To, amma kowace zuma da ɗacinta.

Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin. Masu nutso kuwa sukan shaƙi wadda aka ƙara wa oksijin, ko ma zallarsa, musamman in sun tsaya a hanyar fitowa don jiki ya huce daga matsin ruwa. Matsin nan yana ƙaruwa da zurfi. A mita 6 kacal, mai shaƙar zallar oksijin huhunsa na karɓar kusan ninki 8 na abin da ya saba. Tun 1878 Bafaranshe Paul Bert ya nuna cewa yawansa na kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. A 1899 kuma Lorrain Smith ya gano yana ƙona huhu sannu a hankali.

Alamun su ne zafi a tsakiyar ƙirji, busasshen tari, da numfashi sama-sama. In aka huta, yawanci huhu yakan warke cikin kwanaki. Haɗarin yana wajen maimaitawa: nutso yau, nutso gobe, kafin ɓarnar jiya ta warke an ɗora mata sabuwa. Mai shan taba kuwa ya ƙara wa kansa kaya.

Abin tsoro shi ne saurayi ya ɓoye tarinsa don kada kuɗin yini ya wuce shi. Iyaye da masu gida, in kuna da yaro a wannan sana'a, ku tambaye shi: yana rubuta zurfi da lokacin kowane nutso? Ana ba shi hutu tsakani? Babban asibitin CHU na Treichville yana da sashen ciwon huhu. Ya je a auna numfashinsa kafin ya kama aiki, ya riƙa komawa kowace shekara. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya tsare mana su, Ya sa albarka a nema. Amin.