Silin Motar Da Ya Kai Ni Farin Gada

Muna wuce Jengre a hanyarmu daga Kano zuwa Jos, ƙyallen silin tsohuwar 406 ɗinmu ya saki, ya rufe mini madubin duba baya. Wani gari mai ruwan ɗorawa ya riƙa zubo wa yara, autarmu mai asma ta kama tari. Uwargida ta kafe ƙyallen da fil ɗin ɗankwalinta, muka lallaɓa muka ƙarasa.

Washegari, cikin sanyin nan da ke sa Bakano neman rigar sanyi (garin na kan tudu mai kusan mita 1,200), na nufi Farin Gada wajen masu ɗinkin kujerun mota. Dattijon da na samu ya fara da zare fil ɗin. "Alhaji, in wannan ya faɗo kan kujera, yaro zai soka."

Ashe wani siririn soso ne tsakanin ƙyallen da kwalin rufin. Zafin Kano ya gasa shi shekara da shekaru har ya zama gari, don haka shafa gam a kansa aikin banza ne. Ya sauko da kwalin gaba ɗaya, ya kankare shi tas da burushi, ya manna sabon yadi mai soso da gam mai jure zafi. Ya kuma duba ko rufin na yoyo, domin daminar Jos doguwa ce, danshi kuwa fumfuna yake kawowa.

Warin gam ɗin har hawa kai yake. Na bar tagogi a buɗe, na tsallaka kasuwar gwari na sayo kabeji da karas. Yara ba su sake shiga motar ba sai bayan kwana biyu.