Ranar da aka kwashe yara daga BBC One

A Birtaniya yara kan tashi daga makaranta wajen ƙarfe uku ko uku da rabi na yamma. Shekara da shekaru, duk wanda ya kunna BBC One a wannan lokaci, yana da ɗa ko ba shi da shi, shirin yara zai tarar, kuma haka za a yi ta yi har bayan ƙarfe biyar. Babbar tashar ƙasa ce sukutum, wadda ake jin jawabin firaminista a cikinta, amma kullum sai ta ware wa yara rabonsu.

Shirye-shiryen kuwa ba na cika lokaci ba ne. Blue Peter ya fara tun 1958, yana koya wa yara haɗa abin wasa da kwali da robar da aka yar, yana ba da bajo ga yaron da ya yi abin kirki. Newsround ya zo a 1972, John Craven yana karanta labaran duniya da harshen da ɗan shekara takwas zai gane. A watan Janairun 1986, da kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse jim kaɗan bayan tashinsa, a wannan shirin yara ne talabijin ɗin Birtaniya ya fara ba da labarin. Manya da yawa a nan suka ji.

A watan Disamban 2012 aka rufe wannan babi. Tun 2002 BBC ta buɗe tashoshi biyu na yara zalla, CBeebies ta ƙanana da CBBC ta waɗanda suka tasa. Da aka gama mayar da talabijin ɗin ƙasar tsarin dijital a watan Oktoban 2012, kowane gida mai talabijin ya zama yana iya kama su. Sai hukumar BBC ta ce yaran da ke kallo a BBC One sun ragu ƙwarai, kuɗi kuma ana tsimi, don haka a tattara komai a kai musu tasharsu. BBC Two ma ta sallami nata na safe a farkon 2013.

Hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Yaron da a da yake jiran awa biyu ya samu yini guda, daga safe har ƙarfe bakwai na dare, kuma babu talla. Sai dai akwai abin da lissafin masu kallo ba ya kamawa. Lokacin da shirin yara ke kan tashar kowa, babba kan ga abin da yaro ke kallo ba tare da ya yi niyya ba. Kaka tana zaune tana jiran wasan kwaikwayonta, sai ta kalli ƙarshen Blue Peter tare da jikanta. Uba ya shigo daga aiki, ya tarar ana bayanin yunwa ko girgizar ƙasa a Newsround, yaro ya juyo ya yi tambaya, ya samu mai amsawa nan take. Shi ma yaron, in nasa ya ƙare ba a kashe akwatin, sai ya tsinci wani abu daga labaran ƙarfe shida. Babu wanda ya tsara wannan haɗuwa. Jadawalin ne kawai ya zaunar da su wuri guda. Yanzu tamkar an ɗauke yara daga tsakar gida ne an gina musu ɗaki mai kyau a can baya: ɗakin ya fi tsakar gidan kayan wasa, amma sai wanda ya tashi takanas zai san abin da ake yi ciki. A tsarin talabijin na Freeview sai ka wuce lamba 200 kafin ka iske tashoshin yara, babba kuwa da wuya yatsansa ya kai can.

Wani abin da ke damuna shi ne, abin da aka keɓe gefe ya fi sauƙin ragewa. Kafar talabijin ta ITV ta buɗe tasharta ta yara, CITV, a 2006, ta janye shirin yara na yammacin ranakun aiki daga babbar tasharta. A watan Satumban 2023 ta rufe CITV ɗin ma, ta mayar da shirye-shiryen zuwa manhajar ITVX. BBC ita ma a 2022 ta bayyana niyyar mayar da CBBC intanet. Daga babbar tasha zuwa ƙarama, daga ƙarama zuwa wayar hannu, kowane mataki yana ƙara nesanta allon yaro da idon babba.

Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Waɗanda suka taso da Tales by Moonlight a NTA sun san yadda gida ke taruwa a kansa. Yau dish ya kawo tashoshin katun da ba sa rufewa, yawancinsu ba da harshenmu ba, muna kunna wa yara mu shiga sabgoginmu. Ya ɗan'uwa mai karatu, in ka koma gida yau, ka zauna ka kalli shiri guda tare da yaranka daga farko har ƙarshe, sannan ka tambaye su abin da suka gane.