Injiniyan da ya ƙi zubar da kwaɓi

Duk ɗalibin kimiyya da ya shiga babbar sakandare ya san nauyin ƙwayar ruwa 18 ne, na gulukos kuma 180. A shekarun da na yi ina koyar da kemistiri, tambayar da ta fi yi mini daɗi daga bakin ɗalibi ita ce: Malam, da wane sikeli ake auna abin da ido ba ya gani?

Sikelin yana nan, sunansa mas-sifektiromita. A wani nau'insa, ana ɗora wa ƙwayoyin cajin lantarki, a cilla su cikin wani bututu da aka zuƙe iskarsa. Marasa nauyi su riga isa, masu nauyi su biyo baya. Daga lokacin da kowace ta ɗauka sai a lissafa nauyinta. Amma har zuwa farkon shekarun 1980, manyan ƙwayoyin furotin sun gagari wannan na'ura. Furotin ƙato ne, na jan jininmu kaɗai ya haura 64,000, ga shi ba ya jure zafi. Kun dai ga yadda farin ƙwai ke komawa a kasko. Da an haska masa leza don ya tashi sai ya tarwatse.

A nan Koichi Tanaka ya shigo. An haife shi a Toyama ta ƙasar Jafan a 1959, ya karanci injiniyancin lantarki a Jami'ar Tohoku. Ya nemi aiki a Sony bai samu ba, sai ya shiga kamfanin Shimadzu a Kyoto a 1983. Aikin da aka ba shi shi ne neman abin da za a cuɗa da samfuri ya kare shi daga ɓarnar leza. A watan Fabrairun 1985, yana ɗan shekara 25, ya zuba gilisarin a cikin garin ƙarfen kobalt a maimakon asiton. I, gilisarin ɗin nan da ake shafawa a kaushi lokacin hunturu. Garin kobalt na da tsada, ya ji ba zai iya zubarwa ba. Ya sa kwaɓin a na'ura, ya riƙa haska masa leza don ya bushe da wuri, idonsa na kan sakamako. Sai ga alamar ƙwaya ta fito ba ta fashe ba. Daga nan ƙungiyarsu ta kai ga auna furotin mai nauyin kusan 34,000.

Mutane na son ba da wannan labari a matsayin sa'a. Ni ban yarda ba. Kwaɓi na lalacewa a ɗakunan gwaji kullum, a zuba a kwata a wanke kwalba. Tanaka ya riga ya gwada kobalt shi kaɗai, ya gwada gilisarin shi kaɗai, ya san yadda sakamakon kowanne yake. Shi ya sa da baƙon abu ya fito ya gane shi. Wanda bai sha wahalar waɗancan gwaje-gwaje ba, ko ya gani wucewa zai yi.

A 2002 aka ba shi kyautar Nobel ta kemistiri tare da John Fenn na Amurka da Kurt Wüthrich na Suwizalan. Shekarunsa 43, ba shi da digirin digirgir. An yi ƙorafi, kuma a ganina da hujja: Michael Karas da Franz Hillenkamp na Jamus su ne suka fito da hanyar MALDI, wadda ita aka fi amfani da ita yau, amma ba a sa su ba. Duk wanda zai ba ku labarin Tanaka ya tsallake sunayensu bai cika muku mudu ba.

Me ya shafe ku? Ku ɗauki ciwon sikila, wanda da wuya a sami ajin da ba a san mai fama da shi ba. Abin da ya raba furotin jinin mai sikila da na sauran mutane tubali ɗaya ne tak da ya sauya, kuma ya rage nauyin sarƙar da 30 cikin kusan 16,000. Irin waɗannan na'urori na iya ganin wannan ɗan bambanci. A manyan asibitocin da ke da na'urar MALDI, bayan an rena ƙwayar cuta daga jikin majiyyaci, cikin mintuna ake gane ko wace ce daga nauyin furotin ɗinta, likita ya san maganin da zai rubuta.

Tanaka bai bar Shimadzu ba. A 2018 shi da abokan aikinsa na Jafan da Ostareliya suka wallafa bincike a mujallar Nature, inda suka nuna ana iya gano alamun cutar mantuwa ta Alzheimer daga ɗan jinin da aka ɗiba a hannu.