Gyaran Tiren Ƙanƙara

Kakanninmu ba su san yar da kaya don ya tsage ba. In ƙwarya ta fashe, sai a kira gyartai ya ɗinke ta, ta koma bakin aikinta. Ni dai a ganina wannan hali bai kamata ya ɓace ba, ko da a kan ɗan tiren roba ne da muke daskarar da ruwa cikinsa a firji, wanda ba a sanin darajarsa sai bazara ta yi tsanani.

Da nawa ya tsage, sai na fara neman dalili. Ashe ruwa kumbura yake yi in ya daskare, har mudu 11 yakan koma kamar mudu 12 na ƙanƙara. Sanyi kuma yakan sa roba ta sandare. To, in an cika tire maƙil, kana aka murɗa shi da ƙarfi, ina zai kai labari?

Gam ba ya maganin wannan tsaga. Yawancin tirorin nan an yi su da roba mai santsi, irin wadda akan buga wa lamba 5 ko 2 a gindi, gam ba ya kama ta, ga shi kuwa bai dace da abin da za a sha ba. Wuta ce maganinta.

Na wanke tiren, ya bushe sarai. Na huda ɗan rami da allura mai zafi a ƙarshen tsagar, don kada ta ci gaba. Sa'an nan na yanko ɗan siririn ƙyalle daga murfin roba mai lamba ɗaya da tiren, na ɗora ta baya, na bi shi da bakin wuƙa mai zafi sannu sannu har suka narke suka haɗe. A tsakar gida na yi, saboda hayaƙi, ban kuwa bari robar ta ƙone ta yi baƙi ba. Na zuba ruwa ya kwana, ko ɗigo bai fita ba.

Amma fa, jama'a, rigakafi ya fi magani. Kada a cika ruwa har baki. In za a ciro ƙanƙara, a zuba ruwa a bayan tiren, a dakata kaɗan, za ta fito da kanta. In kuwa tsagar ta yi rassa, robar ta gaji, a mai da shi ma'ajiyar allura da maɓalli.