Cigiyar Kwamfutar Zane Daidai Aljihu

Litinin

Aikin zanen gidaje ya ƙaru a hannuna, kwamfutata kuwa ta gaza. Kafin in doshi kasuwa, na zauna na rubuta ainihin abin da nake yi da ita. Yawancin aikina zanen shimfiɗar gida ne da AutoCAD: bango, ƙofa, taga da awo. Revit sai jefi-jefi, idan mai gini ya ce yana so ya ga gidansa a tsaye. Aikin nan shi zai zaɓa mini na'ura.

Talata

Na je gaida maigidana da ya koya mini zane. Ya ce, "Kada ƙyallin murfi ya ruɗe ka, yarona." Ya bayyana mini cewa AutoCAD yana ɗora mafi yawan aikinsa a kan ƙwaya ɗaya ta furosesa, don haka saurin ƙwayar ya fi yawansu amfani. Ya ce in nemi RAM 16GB da ma'ajiyar SSD, kada in yarda da tsohon faifai mai juyawa. Katin hoto na daban kuwa sai a zanen gini a tsaye yake nuna amfaninsa, matsakaici ma ya ishe ni. Na tambaye shi batun MacBook, ya ce Revit na Windows ne kaɗai.

Laraba

Na shiga shagunan Titin Beirut a nan Kano. Sababbin da kuɗina zai kai sirara ne masu kyan gani, amma RAM ɗinsu 8GB ne, wasu ma a liƙe yake, ba a ƙarawa. Hankalina ya koma kan na hannu: Dell Precision, HP ZBook da Lenovo ThinkPad jerin P. Don injiniyoyi aka ƙera su tun asali. Suna da nauyi, amma fankokinsu manya ne, kuma akwai gurbin ƙara RAM.

Wani mai shago ya ce, "Injiniya, ga Core i7 nan, ba ta da na biyu." Na ce, "Alhaji, wane zubi ce?" Muka duba, zubi na 6 ce. Na haƙura da ita, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma daga zubi na 8 na Intel yake farawa. Arahar da za ta tsufa a hannuna cikin shekara guda ba araha ba ce.

Alhamis

Yau ranar gwaji. Na zo da filashi ɗauke da zanen da ya fi kowanne nauyi a wurina, na wani bene mai ɗakuna da yawa. A na'ura ta farko zanen ya buɗe, amma da na yi ta kusanto shi ina nisantawa sai ta ɗau zafi, ta fara cijewa. Ta biyu, ZBook 15 G5 mai katin Quadro P1000, ta riƙe aikin lafiya lau. Na bi maɓallanta ɗaya bayan ɗaya, na duba allo ko da tabo, na tabbatar 1920 da 1080 ne, domin siraran layuka su fito sarai. Na duba ba a kulle BIOS da kalmar sirri ba. Sannan na zare caja na ci gaba da aiki. Kwamfutar tebur ta fi araha, amma inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, batir shi ne ke tsare guminka.

Juma'a

Bayan masallaci na yi lissafin manhaja, domin ita ma kuɗi ce: AutoCAD biya ake yi wata-wata ko shekara-shekara. Yaron da nake koya wa aiki ɗalibi ne, kuma Autodesk, kamfanin da ke yin AutoCAD, yana ba ɗalibai lasisi kyauta don karatu. Na kuma nuna masa LibreCAD da FreeCAD, wanda zubinsa na 1.0 ya fito a Nuwamba 2024. Dukansu kyauta ne. Ina so ya koyi sana'a da kayan halal.

Asabar

Na koma wurin mai ZBook ɗin muka yi ciniki. Na taya, ya ce albarka, na ƙara kaɗan ya sallama. Na roƙe shi ya rubuta mini a rasit cewa zan iya dawo da ita cikin mako guda in matsala ta fito, ya rubuta. Da ragowar kuɗin na sayi linzami mai taya a tsakiya, wanda mai zane ba ya rabuwa da shi, da faifan waje na adana aikin mutane.

Da yamma yaron ya ce shi ma ya fara tara kuɗi. Na ce ranar da ya tashi saye ya zo da zanensa a filashi, mu tafi tare.